Ranar da Akushin Inna Ya Zo Suna

A wurin aikina, gidan adana kayan tarihi da na fasaha, ni ce shugabar sashen da ke kula da duk kayan da gidan ya mallaka. Masu gyaran tsofaffin kaya, masu jera su a ɗakin kallo, masu riƙe makullin sito, duk a ƙarƙashina suke. Ba ni da sauƙi, na sani. Na taɓa dakatar da wani babban baƙo a gaban tawagarsa don ya miƙa yatsa zai shafa wata tsohuwar riga. Daga baya na ji cewa a bayan idona Hajiya Kar-a-taɓa suke ce mini. Ban ji haushi ba, sunan ya zauna mini daidai.

A cikin kayan da nake tsaro haka har da akushin mahaifiyata.

Baƙi ne wuluk, mai faɗi, sai an sa hannu biyu ake ɗaukarsa, bakinsa kuma ya sha zanen masassaƙi. Inna ta gaje shi daga kakarta. A ƙauyenmu da ke gefen Yankara, ba a suna a gidanmu ko a maƙwabta sai an zuba tuwon dattawa a cikinsa an kai zaure. Idan ya dawo Inna ta wanke shi da kanta, ta shafe shi da man shanu, ta kife shi a kan randa. Tuwon sunana a ciki ya fita, haka na ƙannena duka.

Shekarar da zaman ƙauye ya gagara, mutanenmu suka watse, Inna ta koma Ƙanƙara gidan ƙanena. A hanya akushin ya suɓuce daga bayan babur, ya tsage tun daga baki har kusa da gindi. Da na je gaishe ta sai ta turo mini shi da ƙafa, kamar ba ta damu ba, ta ce tunda gyaran tsofaffin kaya ne aikina in tafi da shi. Na zauna na yi mata bayani dalla-dalla, cewa abin da ya shiga gidanmu ya bar hannun mai shi, ni kaina ba ni da ikon fito da shi. Tana tsince wake tana cewa to, to. Na ɗauka ta gane, ita ma ta ɗauka na gane. A wurin Inna, abin da ka ba ’yarka ta ajiye yana nan ne kamar a bayan ƙofarka, ranar da ka so ka aika a ɗauko.

Masu gyara suka haɗa tsagar da gam na musamman, aiki mai kyau, sai mai neman aibu zai gan ta. Aka sa shi a gilashi, aka kunna masa fitila. Nakan bi ta wurin da safe in tsaya kaɗan, ma’aikata su yi kamar ba su gan ni ba.

Ana nan sai matar ƙanena ta haihu, namiji, bayan shekarun da har an daina tambaya. Ƙanena ya kira ni yana dariya yana sheshsheƙa, sannan ya miƙa wa Inna wayar.

“Kin ji abin arziki,” in ji ta. “To ki taho mani da akushi ran suna. Na aika Ketare, na aika Faskari, har Sabuwa na aika. Na hwaɗa ma matan garinmu duka su zo, a cikinshi za a fidda tuwon yaron nan.”

Na buɗe baki zan yi magana, ta riga ta mayar wa ƙanena wayar. Inna ba ta hira a waya, tana ganin ɓarnar kati ne.

Irin wannan roƙo ni nake kashe shi tun daga bakin ƙofa. Sau da yawa iyalai sun zo suna neman a ba su aron takobin kakansu ko alkyabbar gidansu na kwana ɗaya, na ba su ruwa mai sanyi da haƙuri, na raka su waje. Yanzu ga ni na rubuta nawa. Da kwamitin da ke yanke irin wannan hukunci ya zauna, na fita na zauna a benci tare da masu jira, don bai dace in yi alƙalanci a kan kayan uwata ba. Sun tausaya mini. Suka ce akushin ya je, amma a cikin akwatinsa, a hannuna, ya dawo a hannuna. Sannan mataimakina, babban mai gyara, ya faɗi sharaɗin yana kallon ƙasa: ba abinci, ba ruwa, ba mai. Zafin tuwo zai saki gam, laima ta shiga tsagar, kuma daga nan babu sauran gyara. Kalmomina ne ya maido mini, waɗanda na koya masa da bakina.

Na isa Ƙanƙara jajibirin suna da la’asar, akwatin a kujerar gaba na ɗaure shi da bel kamar mutum. Gidan cike yake, ana daka ana tankaɗe. Na gaida Inna, na ga jariri, na ci abinci. Na nemi in keɓe da ita, amma duk lokacin da na matso sai wata ta shigo da sallama. Gaskiya kuma ban matsa sosai ba. Ni da nake tsawata wa manya, na kasa gaya wa tsohuwa ɗaya magana ɗaya.

Da safe aka raɗa suna, maza suka yi addu’a a ƙofar gida. Da hantsi tuwon dawa ya nuna, ƙamshin miyar kuka ya cika tsakar gida. Matan ƙauyenmu suna zaune a tabarmi, waɗanda rabona da su tun ina budurwa, duk sun tsufa, wasu sun yi sammako a kan babur ta hanyar da ba ta da daɗi. Inna ta ce in fito da shi.

Na sa safar hannu, na buɗe akwatin, na ɗaga soson da ke kansa. Wata ta rangaɗa guɗa. Wata kuma ta rufe fuska da mayafi, don ’yarta da aka yi wa suna da shi ba ta duniya. Sai a lokacin na lura cewa ba tuwo kaɗai ya kawo su ba. Gidajensu sun zama kufai, rumbunansu sun rushe, wannan akushin ne abu ɗaya da dukansu suka sani.

Inna ta ce a miƙo mara, ƙoƙon da ake kwasar tuwo da shi.

Na durƙusa kusa da ita na yi ƙasa da murya. “Inna, ba a yarda a zuba komai a ciki ba. Da wannan sharaɗin aka ba ni shi.”

“Mi?”

Na maimaita. Wannan karon duk tsakar gidan ta ji. Inna ta dubi akushin, ta dubi matan da ta tara. Ƙawarta ta yarinta, wata tsohuwa da ba ta iya riƙe baki, ta ce, “To ɗiyar nan, kallo muka zo yi mashi ke nan? Da kin aiko da hotonshi ai da kin huta.” Aka yi ’yar dariya, irin wadda ake yi don a rufa wa mutum asiri. Kan Inna yana sunkuye. Tun da nake ban taɓa ganin an ba ta kunya a gaban mutane ba, yau kuma ni ce na yi.

Zuciyata ta karye. Na cire safar na jefar a tabarma, na karɓi marar, na ce a matso da tukunya. Na kwaso malmala guda tana tururi, na nufi akushin da ita.

Inna ta cafke wuyan hannuna. Ni ce ’yarta ta fari, ko sunana ba ta faɗa saboda kara, balle ta riƙe ni a bainar jama’a. Hannunta duk ƙashi, amma na kasa motsi.

“In kin zuba, mi za su yi maki can?”

“Ba komai, Inna.”

“Ke, ni na haihe ki.”

Na ce, “Na yi musu alkawari. In na karya, ba zan iya zama a kujerar nan ba. Ko ba su ce in tashi ba, ni zan tashi.”

Tururin yana dukan fuskarmu. Sannan ta juya hannuna a hankali, da marar da tuwon, zuwa kan wata kular roba mai ruwan ɗorawa da ke gefe.

“Sa nan,” ta ce. “Shi ya ci nashi tuwon ya ƙoshi, tun kahin a haihe ni yake ci. Ke ce ba ki gama cin naki ba.”

Na zuba. Hawaye suna zuba mini ban damu da wanda ya gani ba. A cikin kular roba tuwon ɗan ƙanena ya tafi zaure, shi ne na farko a zuriyarmu da aka yi wa haka, kuma Inna da kanta ta rufe ta, ta ce a kai.

Akushin kuwa ta ɗauke shi ta ɗora a cinya, da hannunta haka nan ba safa, ban hana ta ba. A nan ya wuni. Mata suna matsowa ɗaya bayan ɗaya, su shafa bakinsa, su ambaci yaran da aka yi wa suna da shi, masu rai da waɗanda suka rasu. Inna tana gyara musu idan sun rikita wanda ya riga wani.

Da la’asar na kawo akwatin. Ta ce ita za ta sa shi. Kafin ta sa, ta kai shi hanci ta shaƙa, ta daɗe.

“Ko ƙamshin man shanu babu,” ta ce. Ta kwantar da shi, ta ja soson ta rufe, ta danna gefe da gefe yadda ta ga na yi. “Tashi ku kama hanya, kada rana ta hwaɗi maku. Ki bi da shi sannu wajen ramukan nan.”