Rakiyar Baba daga Maiduguri zuwa Delhi

Mun tashi da asuba daga unguwar Wulari, ni da Baba da yayata, muka bi ta Gomari zuwa filin jirgi. Ba kowa a titi sai masu shayi suna hura wuta. Delhi muka nufa, wurin likitan ƙoda. Ana gobe za mu tafi aka yi wa Baba wankin ƙoda, likitansa kuma ya ja mana kunne kada a wuce kwana biyu ba a sake ba.

Wanda ya yankar mana tikiti cewa ya yi tafiyar ba ta fi awa goma sha uku ba. Bai yi ƙarya ba, amma ta sama kawai ya lissafa. Maiduguri zuwa Abuja, kafin ka gyara zama an fara sauka. Sai jira har azahar. Daga nan zuwa Addis Ababa kusan awa biyar. Baba, wanda da kiwo ya tashi kafin ya koma fataucin shanu, ya manne wa taga yana mita wai ga ƙasa har ƙasa amma ba a hango ko saniya ɗaya.

A Addis mun ɗanɗana wani faffaɗan abinci mai tsami, kamar sinasir ɗin da ya kwana. Kuɗin shayi kofi ɗaya kuwa, a Maiduguri gida guda zai karya kumallo da shi. A nan ƙafafun Baba suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Idon yayata ya cika da hawaye. Na samo masa keken guragu, na aika wa asibiti saƙo su tanadi mota da na'urar wankin ƙoda.

“Saura nawa?” in ji Baba.

“Kusan awa bakwai, Baba,” na ce.

“To ku daina ba ni ruwa. Ƙishi ba baƙona ba ne.”

Haka ya daure, sai dai ya jiƙa leɓe. Da hantsi muka sauka Delhi, agogonsu ya riga namu da awa huɗu da rabi. Keke napep ko'ina, kamar ba mu bar gida ba. Kafin azahar Baba na kan na'ura yana barci.

Bayan makonni muka juyo ta hanyar da muka bi. A filin jirgin Maiduguri Baba ya ƙi keken guragu, ya taka da ƙafarsa har mota, jikoki na rige-rigen riƙe masa sanda. Burabusko na jiranmu a gida.

Abin da na koya: in za ka raka mara lafiya, lissafa tafiyar daga ƙofar gida zuwa gadon asibiti, kuma ka sanar da asibitin kafin ka iso. Jikinsa bai san bambancin sama da ɗakin jira ba.