Motar Baba Ba Ta Shan Ordiner

Ranar wata Alhamis a kakar 1976, bayan an gama yankan hatsi, gidanmu na Gure ya cika maƙil da mata. Yaya Falmata na ɗaki a lulluɓe, an jera kayan gararta a tsakar gida, ni kuma na ci ado tun hantsi domin ni ce ƙanwar da za ta raka amarya Kelle. Komai ya kammala sai abu guda: motar da za ta kai mu ba ta da esansi, wato man mota, kuma Baba ya rantse ba za a zuba mata wanda ake sayarwa a garin ba.

Tsohuwar baƙar mota ce, irin wadda ake kira kat-san-turwa, ya saye ta hannun wani Nasara da zai koma ƙasarsu. Nasaran ya tafi ya bar mana jidali, don wai ya ce kada a ba ta sai sufa, esansin nan mai ja-ja. A Gure kuwa sai ordiner, fari kamar ruwan rijiya. Saboda haka daga Damagaram ake aiko wa Baba tano, wato duro guda na sufa, cikin kamiyo mai ɗaukar kaya, in ya ƙare motar ta kwanta gindin bishiyar bedi. Mu ne masu wahalarta. Kafin mu tafi lakwal karatu sai mun goge mata kashin tsuntsu, in mun dawo mu kori awaki daga inuwarta, ko carafke ba a bari mu yi kusa da ita. Na tsani motar nan har cikin raina. "Ordiner na sa inji ƙwanƙwasa kamar ana sussuka," haka Baba ke cewa kullum, alhali bai taɓa zubawa ya ji ba.

To, a makon bikin kamiyon Damagaram bai zo ba. Azahar ta wuce, dangin ango da suka zo ɗaukar amarya suka fara ƙus-ƙus. Wata gwaggonsa ta ce da ƙarfi, don kowa ya ji, su da sun sani da raƙumi suka zo. Kawu ya lallashi Baba, liman ma ya sa baki, amma ko gezau. Gara a ce an ɗage kai amarya, in ji shi, da ya kashe injinsa da hannunsa. Ina jin Yaya tana kuka a ɗaki, kuma wannan ba kukan al'ada ba ne, kukan kunya ne. Wai a ce ƴar mai mota ta rasa abin hawa ranar aurenta!

Sai Inna ta miƙe. Ta aiki Kawu ta ƙofar baya ya sayo ordiner bido biyu, wato jarka biyu, ta ja ni madafa, ta buɗe kwalbar manja daga cikin kayan gara. Ta tsiyaya manjan cikin ordiner, ni ina girgiza bidon, har farin nan ya koma ja. Sannan Kawu ya zagayo ta zaure yana haki, wai wani direba ya taimaka da sufa. Baba ya ɗiba a kwalba, ya ɗaga wa rana, ya shinshina, ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Yawwa! Wannan shi ne abincinta."

Motar ta kai mu kuwa. Ta hau tudun rairayi ta sauka, ba ƙwanƙwasa ba tari, sai dai hayaƙinta da ke ƙamshin ƙosai. Muka shiga Kelle kafin magariba, ana guɗa. Abin haushin, duk hanya Baba na bugun sitiyari yana cewa, "Kun ji muryarta? Aikin sufa ke nan!" Shekara da shekaru yana ba da labarin a zaure, mu kuma muka ci gaba da jiran tano, muna korar awaki.

Sai da nawa auren ya matso na ji Baba, ina bayan danga, yana ce wa Inna a hankali, "Uwar Falmata, ki ajiye manja kusa, ko da kamiyo zai makara."

Yau jikana kan nuna mini lambobin esansi a wayarsa, yana bayanin wanda ya dace da tsohon inji da wanda bai dace ba. Ina saurarensa, ba na musu. Motar an daɗe da sayar da ƙarafanta, bedin ma an sare, Baba da Inna sun riga mu gidan gaskiya. Amma in na wuce mai ƙosai da yamma, sai in ji takaicin nan ya taso mini sabo fil. Da zan samu, wallahi da na sake goge motar nan.