Jakar Baya Marar Ƙarfe

Bayan rasuwar yarona kowa yabona yake yi. Matan unguwarmu a Jos Jarawa su shigo, su zauna, su ƙare mini kallo, su fita suna cewa ba su taɓa ganin mai tawakkali irina ba. Surukata har misali take yi da ni. Ni kuwa ina kan tabarma ina amsa gaisuwa, ina jin muryoyinsu kamar rediyon maƙwabta. Ba tawakkali ba ne, wallahi. Ba na dai jin komai ne. A miƙo abinci in ci, a ce in tashi in tashi. Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, ya fara dafa bango yana takawa ke nan.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini, shi ma ba zafi yake mini ba, tsoro yake ba ni. Na fara manta shi. Ba fuskarsa nake nufi ba, wannan akwai hoto. Nauyinsa nake nema. Yaron da ya fi shekara a bayana, da shi nake shara, da shi nake girki, amma in na rufe ido na nemi yadda yake zama a gadon bayana sai in rasa. Kullum abin ƙara nisa yake yi. Ban gaya wa kowa ba. In gaya wa wa? A ce na soma taɓuwa?

Haka na koma aiki. A lokacin ina buga takardu a wata ma'aikata a Kuru, teburina yana kallon na wata mata 'yar Kabong, Kirista ce, ta girme ni sosai, Anti nake ce mata. Siririya ce, ba ta zama wuri ɗaya. Ranakun Asabar ita da wasu abokanta sukan hau duwatsun da ke bayan gari, tafiya da sauri, wani wurin har da gudu, wani lokacin su kwana can su dawo washegari. Mu a ofis dariya muke mata, mu ce wahala ce ba ta ishe ta ba.

Wata rana ta zare takardar da ke cikin na'urata, ta duba, ta ga layi ɗaya na buga tun safe.

"Ƙanwata, ranar Asabar za ki bi mu," in ji ta.

"In yi me?"

"Ki yi tafiya. Na gaji da ganinki kina kallon bango."

Na ce to, don a lokacin duk abin da aka ce mini to nake cewa. Maigidana tela ne. Da na gaya masa ya ɗago daga kan keken ɗinki ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in dai zai sa in riƙa yin barci, in je. Surukata ce ta tafa hannu ta ce mace da hawan dutse, akuya ce? Da can ne da ta ji amsa, don ni ba a bar ni a baya ba wajen baki.

Anti ta ce ba a hawa dutse da jakar hannu, sai jakar baya, don haka bayan an tashi aiki muka nufi 'yan gwanjo a Katako. Ta kai ni rumfar wani Ibo da take saye a wurinsa. Jakunkuna rataye har rufi, na 'yan makaranta, na sojoji, na Turawa masu yawon duniya, duk suna warin dilar gwanjo. Mutumin a Jos aka haife shi, amma Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji.

Ya sauko da wata ƙatuwa mai sandunan ƙarfe biyu a baya, da ɗamara mai kauri, da aljihuna ko'ina. Ya cusa mata suwaita har ta cika, ya ɗora mini, ya ɗaure ɗamarar a ƙuguna.

"Hajiya, wannan ko buhun masara ka sa ba za ka ji ba. Ƙarfe ne yana ɗauka, ba kai ba."

Gaskiya ya faɗa. Ƙarfen ya riƙe kayan nesa da jikina, har iska na wucewa tsakanin jakar da bayana. Na taka zuwa bakin rumfar na dawo.

"Ban ji komai ba," na ce.

"Yawwa! Ai shi ne!" Har yana tafa hannu don murna.

"Oga, cire mini ita."

Ya kawo wata, ya sake kawo wata, duk masu ƙarfe, duk abu ɗaya. Ina sawa ina cirewa, raina bai ɓaci ba, bai kuma yi daɗi ba. Da Anti ta ce in ɗauki ko wacce ce da na ɗauka mun tafi.

Ita kuwa tana tsugune tana tonon wani tulin kaya a ƙasa. Can ta zaro wata aba a yamutse, yadinta ba kauri, kamar na lema, ba ƙarfe, ba katifa, madaurai ne kawai da baki mai zuge. Kana iya dunƙule ta a hannu ɗaya. Mai rumfar ya ce a bar wannan, ya lalace, ƙarfensa ya fita tun a hanya. Anti ta ce ba abin da ya fita, haka aka yi ta, ta masu gudu a kan duwatsu ce waɗanda ba sa son nauyi. Ta daɗe tana neman irinta. Ta ce irin wannan kayan da ka zuba su ne ƙashinta. Sai ka ninke zani ka shimfiɗa ta wajen baya, mai nauyi ya zauna kusa da jikinka, in ba haka ba komai ya yi ta tokarinka. Kuma ba a cika ta da kaya, in an cika kafaɗa ce za ta biya.

Ta zuba suwaita biyu ta miƙo mini. Ban san lokacin da na sunkuya ba. Na wurga ta baya, na zura hannuwa, na sa tafin hannu na tallafo ƙasanta na turo ta sama, na ɗaure igiyar ƙirji, sannan na miƙe.

Ta kwanta a bayana luf. Ba komai tsakaninmu. Ta bi lanƙwasar bayana tun daga kafaɗa har ƙugu, in na numfasa ta motsa.

"Ƙara mata kaya," na ce wa mai rumfar.

Ya ƙara wandunan jins. Na ce ya ƙara. Anti ta ce haba, ai amfaninta ke nan rashin nauyi. Na ce ya ƙara dai. Ya ɗauko wasu takalma ya tura. Sai kafaɗuna suka amsa, gwiwoyina suka ɗan saki yadda suka saba.

"Ya isa," na ce.

Shi ne. Nauyin da na yi ta nema a ɗaki ido rufe, ga shi a rumfar gwanjo, cikin warin dila. Ban yi kuka ba, ban ji wani abu ya tsinke ba. Na dai tsaya, ba na son a taɓa ni. Sai da mutumin ya ce Hajiya kayan mutane ne a ciki sannan na sauke. Da ya zazzage ta ta koma tsumma, bayana ya yi sanyi. Ita na saya. Anti ta buɗe baki za ta ce ita ta gano ta, ta kalle ni, ta fasa.

Ranar Asabar da safe na shirya ta yadda aka koya mini, zani a ninke ta baya, gorar ruwa, ƙosai a leda, sallaya. Na ɗauka na ji ba ta kai ba. Na shiga kicin na auno shinkafa ɗanya, na ƙulle a ɗankwali na saka. Na gwada, na ƙara, na sake gwadawa, har ta zauna daidai.

A gindin dutsen, inda acaɓa ya sauke mu, Anti ta ɗaga jakar don ta gyara mini madauri. Ta ajiye da sauri, ta buɗe, ta zaro ƙullin.

"Shinkafa? Biki za mu je? Ƙanwata, wannan zai kashe miki kafaɗa. Bar shi a wurin mai shagon can, ma ɗauka in mun sauko."

"Mayar mini."

"Ki ji mana, tafiyar da nisa."

"Anti, bayanki ne ko nawa? Na ce ki mayar!"

Abokanta suka juyo. Ni kaina na ji muryar kamar ta wata, rabona da ɗaga murya tun kafin rasuwar. Anti ta kalli ƙullin, ta ɗan auna shi a hannu, ta kalle ni. Ta mayar da shi can ƙasa kusa da zanin, ta danna shi a hankali ya zauna, ta riƙe mini jakar na goya. Na ja hijabina na rufe ta, don ba zan bi ta cikin ƙauyukan mutane da igiya ɗaure a ƙirji a fili ba.

Ƙarshen damina ne, ciyawa har gwiwa, duwatsu na santsi. Su suna gaba suna tsalle daga wannan zuwa wancan, ni ina baya. Kafaɗuna suka fara zafi kamar yadda aka gaya mini. Gumi ya jiƙa zanin, jakar ta ɗauki ɗumin jikina ta riƙa mayar mini da shi. Anti takan tsaya ta nuna mini gari can ƙasa, rufin kwano na ƙyalli, ta ce dubi kyau. In duba in ce e. Ni ba gari nake kallo ba.

Da rana ta ɗaga muka ratsa wata gonar acca. Wata tsohuwa tana yanka ita kaɗai a bakin hanya. Sauran sun wuce sun gaishe ta, Anti ta ɗan jira ni a gaba. Da na iso tsohuwar ta miƙe, ta dafa ƙugu, ta kalli tudun da ke ƙarƙashin hijabina, ta girgiza kai.

"Sannu da goyo, 'yata. Kai, da yaro kin hau nan? Buɗe ma shi kai mana, ya sha iska. Zafi zai kama shi."

Na ga Anti ta taho da sauri, bakinta a buɗe, za ta yi bayani. Na riga ta.

"Barci yake yi, Mama."

"To, to. Allah ya raya," in ji tsohuwar, ta rage murya, ta koma ga accarta.

Na ce amin. Anti ta juya mini baya ta daɗe tana gyara igiyar takalminta. Na wuce ta na ci gaba da hawa, hannuna ɗaya a ƙasan jakar, ina zaɓen inda zan sa ƙafa don kada in tashe shi.