Tambayoyin da Yaya Ishaku Ya Bar wa Baba Fasto

Shekara shida ke nan cif da muka binne Yaya Ishaku a Dabai, kuma bana ne karon farko da na tuna shi ina dariya. Ku yi haƙuri da rubutuna, a aji uku na sakandare na tsaya. Amma abin da ya faru makon jiya ya fi ƙarfin in riƙe shi a ciki: ƙanwarmu Rifkatu ta samu gurbi a jami'ar coci, ita dai wadda Yaya ya yi karatu a cikinta!

Yaya Ishaku shi ne babban wanmu, kuma duk Zuru an san bakinsa. Allah kam ban taɓa jin ya zage shi ba. Amma coci da shugabanninta bai raga musu ba. Yakan tambaya don me ake sa wa gidan fasto sabon kwano, alhali gwauruwar da ke share coci ɗakinta yana yoyo. Don me mai babbar mota ake nuna wa kujerar gaba. Kwatsam sai ga shi ya ɗauki jaka ya tafi jami'ar da cocin ta gina. Nan gari ya ɗauka. A zumuntar matan coci aka ce munafuki ne, yana cin tuwonsu yana zagin murhunsu. Baba Fasto ma ya faɗa cikin wa'azi cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bai kama suna ba, amma kowa ya waigo ya dube mu. Ranar na so ƙasa ta tsage in shige.

Da ya zo hutu muna cirar ciyawa a gonar dawa, na ce masa, "Yaya, in ba ka son su, me ya kai ka makarantarsu?" Ya yi dariya ya ce, "Talatu, shekara nawa Baba ya yi golmo, yana noma gonar Kaka don ya auri Mama? Da ya ce wa Kaka gefen rafi ya gaji a bar shi ya huta, munafunci ya yi? Wanda ya noma gona shi ya san inda ta gaji." Ya ce bai taɓa fashin sujadar safe a makarantar ba. Gaba yake zama da biro, abin da bai yarda da shi ba ya rubuta, in an tashi ya kai wa mai wa'azin hannu da hannu. Munafuki, in ji shi, shi ne mai cewa amin a gaba ya yi tsaki a baya. A lokacin ban gane ba. Kunya kawai nake ji.

To, ga abin da ya faru makon jiya. Jami'ar ta ce sai Rifkatu ta kawo takardar shaida daga fastonta kafin Juma'a, in babu, gurbin ya tafi. Faston kuwa shi ne dai Baba Fasto. Rifkatu kuma bakin Yaya ta ɗauko, har yadda take karkatar da kai kafin ta yi tambaya. Ni tun da na haifi 'yata Murna komai tsoro yake ba ni, balle wannan. Na roƙe ta a hanyarmu ta zuwa gidan fasto, da goyo a bayana: ta sunkuyar da kai, duk abin da ya ce ta ce to, in ta kama takarda a hannu ta je ta yi ta gardamarta. Ta ce, "Yaya Talatu, ashe ke ce za ki koya mini abin da aka zargi Yaya da shi." Na gyara goyona, muka ci gaba da tafiya.

Mun same shi a barandarsa, ya tsufa ƙwarai, tabarau ɗaure da zare. Ya daɗe yana kallon ta. Ya ce, "'Yata, kina da bakin wanki Ishaku?" Ta ce, "Ina da shi, Baba. Akwai abubuwan da coci ke yi da ban yarda da su ba, kuma can ma zan faɗa." Na ce a raina shi ke nan, an gama.

Sai ya buɗe Littafinsa Mai Tsarki ya zaro wata takarda da ta yi ja don tsufa. Tun daga nesa na gane rubutun, don Yaya ne kaɗai ke yin wasiƙa da ƙananan baƙaƙe kamar tururuwa. Tambayoyi ne guda biyar da ya aiko masa daga jami'a. Na lura an ja layi a kan huɗu. Baba Fasto ya ce, "Ta farko ita ta sa muka rufa wa gwauruwar nan ɗaki. Ta biyar har yau ban samu amsarta ba." Sai ya rubuta shaidar, ya karanta mana da ƙarfi: yarinyar nan tana da tambaya da yawa, ba ta iya ƙarya ba, ku karɓe ta. Na yi guɗa a barandar fasto har Murna ta farka!

Da Yaya yana nan me zai ce? Na san ba zai yi guɗa ba. Zai karɓi takardar ya duba ko akwai kuskure, sannan ya tambayi Baba Fasto me ya hana shi faɗin wannan a gaban jama'a, tun da a gaban jama'a ya soke shi. Ni ma na so in tambaya, bakina ne ya kasa. Har yanzu akwai masu cewa munafuki ne, kuma ba ni da ilimin da zan yi musu da su. Abin da na sani shi ne gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Yaya bai gina gida ba, bai bar ɗa ba, ciwon kwana huɗu ya ɗauke shi. Amma da za mu tashi, Baba Fasto ya kwafe tambaya ta biyar a wata takarda ya miƙa wa Rifkatu, ya ce ta nemo masa amsa a can. Ta asalin kuwa ya ninke ta a hankali, ya mayar cikin Littafinsa.