Ranar da Na Ce wa Alhaji Ya Koma Gaba

A gidanmu na Panyu ni ce bakin Abba. Ya daɗe a Guangzhou yana haɗa 'yan kasuwarmu da masu masana'antu, amma Sinancinsa bai wuce gaisuwa da godiya da "meyo" ba, wato babu. Ni kuwa tun ina ƙarama aka sa ni makarantar unguwa tare da 'ya'yan Sinawa. A aji ba na ɗaga hannu. Kusa da taga nake zama, ina jin komai. Ran Asabar, sa'ad da 'yan ajinmu ke barcinsu, ni sai in zura hijabi in bi Abba, in tsaya a bayansa har sai ya waiwayo ya ce, "Ke, me ya ce?"

Lokacin baje kolin Pazhou na bazara wani Alhaji ya zo daga Yamai. Ƙananan jiragen ruwa masu inji yake so, irin na masu kamun kifi don nishaɗi, masu shimfiɗaɗɗen gaba da kujera mai juyawa a gaba da baya. Ya ce da rani kogin Kwara yakan janye har yashi ya fito, don haka jirgin da yake nema shi ne wanda zai hau saman ruwa da wuri. Irin wannan jirgi in an ba shi wuta, da farko hancinsa yake ɗagawa, gindinsa ya nutse, sannan ya kwanta ya miƙe da gudu. In ya daɗe bai kwanta ba, kuma ruwan ba zurfi, sai farfela ta shiga tonon laka. Duk wannan a bakin makanikin kamfanin jiragen na ji, ni na mayar musu da Hausa.

An kai mu gwaji wani rafi a bayan masana'antar, tsakanin gonakin ayaba da kududdufan kiwon kifi. Alhaji mutum ne da Allah ya hore wa jiki. Ya sha shadda ruwan toka, da sabon takalmi daga kasuwar Zhanxi Lu, takardar farashi ma tana manne a ƙasan na hagu. Da ya sa ƙafa jirgin ya karkata kamar zai gaishe shi. Ya duba gaba, ya duba baya, ya wuce kujerar baya ya hakimce, don babban mutum ba ya zama gaba kamar yaron mota. Abba ba zai zauna daidai da baƙonsa ba, sai ya tanƙwashe ƙafa a ƙasa kusa da shi. Kular abincin da Umma ta dafa da jarkar fetur su ma aka tura su can. Ni aka ce in tafi gaba.

Makanikin, wani siriri mai sigari a bayan kunne, ya ba jirgin wuta. Na ga sama ta taso min, ayaba ta ɓace, na ƙanƙame kujera. Inji na ta kuka, jirgin na jan ciki, ruwan bayanmu ya koma kamar kunun kanwa. Makanikin ya rage wuta ya dube ni.

"Gaya wa babban lawban ya koma gaba," ya ce da Sinanci. Lawban shi ne maigida. "Nauyi ya yi yawa a baya."

Na rarrafa na raɗa wa Abba a kunne, kamar yadda aka faɗa. Ya zaro min ido.

"Me ya ce, 'yata?" in ji Alhaji.

"Wai farfelar ce, ranka ya daɗe," Abba ya riga ni.

"Bon. Ai na sani. A sake ta."

Aka sake ta. Aka cire mai kunne uku aka sa mai kunne huɗu, wai ta fi cizon ruwa a tashin farko. Muka dawo wata rana aka ɗaga injin sama kaɗan a kan ƙarfen da ke riƙe da shi, don ya rage taɓa ƙasa. Muka sake dawowa aka ɗaura masa wani faranti mai kama da fiffike. Wannan zuwan ma ranar makaranta ce, Abba ya sa na rubuta wa malama cewa ba ni da lafiya. Kowane gyara ya yi amfani, ba zan ce bai yi ba. In makanikin ya shiga shi kaɗai, jirgin yakan yi tsalle ɗaya ya kwanta. Amma Alhaji ya ce shi ba ya sayen abin da bai gwada da jikinsa ba. Da ya shiga kuwa, baya yake nufa, Abba ya bi shi, kular Umma ta bi su. Makanikin ya maimaita maganarsa sau ɗaya, na isar, Abba ya shanye. Daga nan mutumin ya daina faɗa. Ya gane ƙarafa muke son saya, ya ci gaba da kawo mana.

Dole laifin ya sami mai ɗauka. Jirgi ba zai ɗauka ba, tunda Abba ke son a saya. Alhaji ba zai ɗauka ba. Saura ni.

Ina wanke kwanuka na ji Abba yana ce wa Umma, da ƙarfi yadda zan ji, "Yarinyar nan ba ta jin Sinancin nan. Ba ta iya faɗa musu abin da muke so. In Alhaji ya tafi bai saya ba, wannan zangon karatun ne na ƙarshe. Ta koma Kano wajen Hajiya, ta yi karatun da zai amfane ta."

Kano ban taɓa sanin ta ba sai da hutu, in mun je wajen kakata Hajiya. A Panyu nake da tagata, da malamar lissafin da ta gane ba rashin sani ke hana ni magana ba, da ƙawa guda ɗaya wadda ke ajiye min wuri a ɗakin cin abinci tana kuma tambayar mai dafawa ko akwai alade a miya kafin in tambaya. A Panyu Umma take. Duk wannan za a ɗaga a ajiye saboda kujerar da wani ya zaɓa. Abin da ya fi ƙona min rai, Abba ya sani. A kunnensa na faɗa, har na ji ƙanshin turarensa. Na goge kwano ɗaya har ya yi ƙara.

Zuwanmu na ƙarshe, Alhaji ya riga ya ɗaure kayansa, gobe zai tashi. Ruwan rafin ya janye, har ana ganin ramukan kaguwa a gefe. Kowa ya zauna inda ya saba. Aka ba da wuta, hanci ya tashi, farfela ta cafki ƙasa, ta watso laka mai wari, ta sauka a kafaɗar shaddar Alhaji. Abba ya zabura yana goge masa da hankicinsa yana ba da haƙuri, kamar shi ya watsa.

"Malam," in ji Alhaji, "ko dai jirgin nan ba shi da kirki, ko 'yarka ce ke ɓata mana saƙo a hanya." Ya leƙo ni ta gefen makanikin. "Ke 'yar China! Anya kina jin yarensu kuwa, ko shinkafarsu kawai kike ci?"

Ya yi dariya. Wannan ban damu ba, manya sun saba tsokanata. Amma Abba ya taya shi. Ya yi irin dariyar da yake yi wa masu saye, mai fitar da haƙora ba ta taɓa ido, har ya ƙara da cewa, "Ai yaran zamani, ranka ya daɗe, sai a hankali."

Na juyo na dubi Alhaji, na buɗe baki.

"Baba Alhaji, ba farfela ba ce. Tun ranar farko mutumin nan ya ce ka koma gaba. Nauyi ya yi wa bayan yawa. Na faɗa."

"Ke!" in ji Abba.

Inji yana ta ƙugi a hankali. Wani tsoho mai kiwon agwagi a bakin rafin ya tsaya yana kallonmu. Alhaji ya dubi cikinsa, ya dubi Abba, ya daɗe yana dubansa.

"To ashe ni ne kayan da suka yi yawa," ya ce. "Malam, duk farfelun nan da muka sha, ni ake yi wa kara?"

"Wallahi ranka ya daɗe, yarinya ce, ba ta..."

"Tashi min, 'yata."

Ya tattare rigarsa ya rataya a kafaɗa, ya taho yana dafa gefe, jirgin na rangaji. Na matsa masa. Ya zauna a kujerar gaba, ya ce a miƙo masa kular ma. Makanikin bai jira an fassara masa ba. Ya ba da wuta, hancin ya ɗan ɗaga kamar mai sallama, ya kwanta. Ƙarar injin ta sake, ta yi sumul. Ayaba ta fara wucewa a guje, ruwan bayanmu fari tas, ba ɗigon laka. Alhaji ya dafe hularsa da hannu ɗaya, iska ta cika masa riga, yana ihu, "Ƙara! Ce masa ya ƙara!" Na ce masa ya ƙara.

Kafin mu bar masana'antar aka gama ciniki. Alhaji ya saya, har fiye da yadda ya ce da farko.

A jirgin ƙasa Abba bai dube ni ba. Ni kuwa a raina na ce shi ke nan, an ga ina jin Sinanci, makarantata ta tsira. Har na fara tunanin aikin gidan da ban yi ba.

Muna shiga gida, ko takalmi bai cire ba, ya ce wa Umma, "Kin ga abin da ƙasar nan ta mayar da 'yarki? Ta kalli tsabar idon sa'an ubana ta ce masa ƙato."

"Ban ce ƙato ba, Abba."

"Kin ji ko? Har ni ma ana mayar min."

"Amma ai ya saya," in ji Umma a hankali.

"Ciniki daban, tarbiyya daban. Zangon nan na ƙarewa za ta tafi."

Na tsaya a bakin ƙofar kicin ina lissafi. Da na yi shiru, Kano, don ban iya Sinanci ba. Da na yi magana, Kano, don ba ni da kunya. Na tambaye shi, wallahi ba da rashin ladabi ba, na ce, "Abba, to wanne ya kamata in yi?" Ya shiga banɗaki ya yi alwala, na ji ya daɗe yana zuba ruwa.

Umma ta roƙa, ta yi kuka, ta sa aminiyarta matar wani mai lodin kaya ɗan Zongo ta sa baki. Bai sauya ba. Ina ganin abin da bai iya yafe min ba shi ne kallon nan da Alhaji ya yi masa a cikin jirgi, amma wannan ba abin da zai faɗa wa Umma ba ne.

Bayan Alhaji ya koma gida ya ba wani ɗan Maraɗi saƙo ya kawo mana: turmin atamfa mai kyau, shuɗiya, wai a ba 'yarsa mai gaskiya. Abba ya karɓa, ya yi godiya mai tsawo ta waya, yana dariya. Da ya ajiye wayar sai ya miƙa wa Umma ya ce ta sa min a akwatin tafiya.

Atamfar tana nan a ƙasan akwatin, a ɗakin Hajiya a Kano. Duk Sallah sai Hajiya ta ce in kawo a kai wa tela, ni kuma in ce mata ba yanzu ba.