Mahaucin da Ya Ƙi Hurawa

Har yau, in na ɗauko bututun gwaji zan miƙa wa mara lafiya, ranar da Baba Abakar ya fara shigowa ɗakina ce ke faɗo min a rai, ban taɓa mantawa da ita ba. Bayan Babbar Salla ne da 'yan makonni, a shekarun nan kafin yaƙi ya watsa mu. Lokacin ni ce ma'aikaciyar ɗakin gwajin numfashi a wani asibitin ƙirji a Khartoum. Ɗaki ne ƙarami a saman bene, daga ni sai na'ura, sai fanka mai kuka, sai taga ɗaya da ke kallon wata darbejiya. Ku da kuka fara aiki bana, ku matso ku ji, don na ga yadda kuke miƙa bututun nan kamar masu raba tikitin mota.

Saboda waɗanda ba 'yan ɗakinmu ba, bari in faɗi yadda gwajin yake. Mutum zai zauna a kujera, a maƙale masa hanci da ɗan matsi, ya ja iska iyakar ƙarfinsa, sannan ya fesar da ita cikin bututu gaba ɗaya har sai babu saura. Na'ura ta auna yawan iskar da saurin fitowarta, ta zana layi a allo. Layin mai lafiya yakan miƙe sama tsaye, sannan ya gangaro a hankali. Sai dai na'ura ba ta san abin da ke zuciyar mutum ba. In ya rage ƙarfi, rubuta shi za ta yi a mai raunin huhu. Shi ya sa kuke jin mu tsaye a kan mutane muna ihun hura, hura, hura, sai ka ce waɗanda suka zare.

Baba Abakar mahauci ne daga Umbadda, can yammacin Omdurman, jikan alhazan nan da suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gida. Dogo ne, ramamme, jallabiyarsa fara fes, 'yarsa Sadiya na biye da shi riƙe da hoton ƙirjinsa. Hoton ya nuna ƙari a saman huhun dama. Huhun dama dai kashi uku ne, na hagu biyu, don zuciya ta ci masa wuri. Babban likitan tiyata yana so ya cire kashin sama ɗin tun ƙarin bai yaɗu ba, kuma mutum na iya rayuwarsa lafiya lau bayan haka, in dai abin da ya rage zai iya ɗaukar nauyinsa. Gwajina ne zai faɗi ko zai iya. In layi ya tashi, a yi masa aiki. In bai tashi ba, babu tiyata, ƙari ya ci gaba da girma.

Na yi masa bayani da Larabci kamar yadda nake wa kowa, na maƙale masa hanci, na ce bismilla. Wallahi hurawar da ya yi ko shayi ba za ta huce ba. Na ce a sake, ya sake, haka dai. Na yi ihu har makogwarona ya bushe, shi kuwa yana kallona da idanun nan nasa masu sanyi, kamar yana tausaya min. Layin ya kwanta a ƙasan allo ya ƙi tashi.

Na kai wa babban likita sakamakon. Ya duba, ya girgiza kai.

"Da wannan ba zan sa masa wuƙa ba, Hawwa. In na yanke, da me zai yi numfashi?"

Na ce, "Dakta, mutumin nan a gabana ya hau benen nan bai tsaya ya huta ba. Huhun da ya hau bene ba shi ne ya zana wannan layin ba."

Ya ce, "Ki sake gwada shi ranar Alhamis. In ya maimaita haka, sai dai mu sallame shi da maganin rage ciwo."

Da la'asar na shiga motar Omdurman daga tashar kasuwar Suk al-Shabi, na jingina kai da taga. Muna kan gada, rana ta yi ja, ruwan rassan Nilu biyu yana haɗuwa a ƙasanmu, kowanne da kalarsa. Gyangyaɗi ya ɗauke ni, sai na ga kaina na zama iska, na shiga ta hancin tsohon nan, na gangara makogwaro, na iso inda hanya ta rabu biyu. Na bi ta dama. Hanyar ta yi ta rassa, kowane reshe ya haifi ƙanana, kamar darbejiyar tagata ce aka kifa ta kai a ƙasa, har na isa can ƙarshe inda 'yan jakunkunan iska suke manne da siraran hanyoyin jini, inda iska ke miƙa wa jini abin da ta kawo ta karɓi abin da ya gaji da ɗauka. Ko'ina a buɗe yake, ko'ina haske, sai lungu ɗaya mai duhu can sama. Kwandasta ne ya tashe ni da ƙwanƙwasa jikin mota. Na sauka ina ce wa kaina, gidan nan ai da sauran wuri a cikinsa, mai gidan ne ya ƙi buɗe ƙofa.

Ranar Alhamis ban kunna na'ura ba. Na aika aka karɓo mana shayi wurin mai shayin bakin ƙofa, na zauna, na ce da Hausa, "Baba, ina kwana? Ya jiki?"

Ya ɗago da sauri. "A'a! Ashe 'yar gida ce take ta yi min tsawa da Larabci!"

Muka yi dariya. Muka taɓa hirar unguwa, ya gano ma ya san kawuna, ya ce mutumin kirki ne sai dai bai iya zaɓen nama ba. Can sai Sadiya ta ce, "Yaya Hawwa, ni abin Baba ya ishe ni. Mutumin da duk layinmu shi ake kira ya hura fashfash ranar Layya, yau ɗan bututun roba ya gagare shi? Bana ma ƙin hurawa ya yi, maƙwabci ya miƙa wa."

Wanda ya tashi a Sudan ya san wannan. Fashfash shi ne huhun rago. Da an feɗe ragon Layya, kafin a ɗora komai a wuta, sai a ciro huhun da makogwaronsa, a zuba ruwan lemun tsami da gishiri da ɗigon matsarmama ta makogwaron, wani mai ƙarfin numfashi ya kafa baki ya hura har huhun ya kumbura, haɗin ya ratsa ko'ina. Sannan a yayyanka shi da hanta da albasa da barkono, a ci ɗanye, shi ne marara. Ba kowa ake ba hurawar nan ba, girma ce.

Na ce, "Baba, me ya hana ka bana?"

Ya juya kofin shayi a hannunsa. Da zai yi magana, muryarsa ta yi ƙasa.

"'Yata, tun ina saurayi nake hura huhu. Na san mai lafiya, na san mai ciwo. Mai ciwo in ka matsa masa iska, ta wurin ciwon yake yagewa, ka ji yana fiii a hannunka. Na gani da idona ba sau ɗaya ba. Yanzu an ce nawa akwai ciwo, ke kuma kin tsaya a kaina kina cewa in ƙara ƙarfi. Tsoro nake ji, wallahi. Ba na so in fashe a kujerar nan a gaban 'yata."

Sadiya ta rufe baki da mayafi. Ni kaina sai da idona ya ciko, don duk ihun da na yi masa, a kunnensa cewa nake ya yaga kansa.

Na ce, "Baba, tsaya in tambaye ka. Ranar Layya, kai da rago, huhun wa ke kumbura?"

"Na rago mana."

"To naka fa, lokacin da kake hurawa?"

Ya ɗora tafin hannu a ƙirji, ya fitar da iska a hankali, yana jin yadda haƙarƙarinsa ke sauka.

Na ce, "Ka gani? Mai hurawa sauke kaya yake yi. Na rago an ciro shi waje, babu abin da ya tare shi, ana tura masa iska da ƙarfin wani. Naka yana cikin kejin haƙarƙari, babu mai tura masa komai. Ka san tantanin nan da ya raba ƙirji da ciki?"

"Haba, mahauci kike tambaya?"

"To shi ne ke sauka ƙasa, haƙarƙari su buɗe, iska ta biyo da kanta. In wuri ya cika, sai ta tsaya. Kuma likita ya duba hotonka kafin ya turo ka nan, da akwai haɗari da bai turo ka ba."

Ya yi ta jinjina kai yana cewa ikon Allah, ikon Allah. Sai na kunna na'ura, na miƙa masa bututun, na ce ya riƙe shi da hannu biyu yadda yake riƙe makogwaron rago, ya rufe ido. Ban yi ihu ba wannan karon. A hankali na ce masa safiyar Layya ce, an sauko daga idi, an yayyafa ruwa a tsakar gida, ƙasa na ƙamshi, gawayi ya fara kamawa, mata na yanka albasa, kowa ya zagaye shi yana jira. Fanka na juyawa, inuwar darbejiya na rawa a farar jallabiyarsa, na ga kafaɗunsa sun saki, ƙirjin ya yi ta buɗewa kamar ba zai tsaya ba.

Sannan ya hura. Kai! Layin ya miƙe sama tsaye, ya gangaro a hankali, ya yi ta tafiya. Sadiya ta rangaɗa guɗa a cikin asibiti, har ma'aikatan ɗakin kusa suka leƙo. Muka maimaita kamar yadda ƙa'ida ta ce, sakamakon ya yi daidai da juna. Babban likita ya duba, ya cire tabarau ya mayar, ya ce, "Mutum ɗaya ne kuwa?" Ya sa aka ƙarasa sauran gwaje-gwaje, aka yi masa aiki, aka cire kashin saman, ya tashi.

Da Layya ta zagayo, Sadiya ta kira ni ta ce Baba ya rantse ba za a taɓa marara ba sai na zo. Na je Umbadda da hantsi. Tsakar gidan kamar yadda na zana masa ne da baki, har ƙamshin ƙasar. Yana zaune a gadon igiya, ya ƙara ramewa amma idonsa garau. Aka kawo masa huhun a tire, ya zuba lemun tsami da gishiri, ya kafa baki. Huhun ya fara tashi, daga ja ya koma fari-fari, lungu bayan lungu, ya kai kusan rabi, sai numfashinsa ya ƙare. Ya matse makogwaron da yatsu don kada iskar ta gudu, ya huta, ya ɗago yana murmushi.

"Rabon da likita ya tafi da shi ke nan," in ji shi. Ya miƙo min. "Ke kin sa na hura naki. Zo ki ƙarasa nawa."

Na ce, "Haba Baba, ni ban taɓa ba!"

Kafin in rufe baki Sadiya ta matse min hanci da yatsunta, gidan gaba ɗaya, tsofaffi da matasa, suka ɗauka da ƙarfi: hura, hura, hura! Ga dariya ta shaƙe ni, ga tsami a leɓena, ga tsoro kada in ji kunya. Na dai rufe ido na hura. Da na buɗe, huhun ya cika a hannuna, da ɗumi, ba nauyi, yana ɗan motsi. Shekara da shekaru ina auna abin nan a allo, sai ranar na riƙe shi yana cike da iska, rabi tawa, rabi ta Baba Abakar.

Tun da yaƙi ya tashi ban san inda suka nufa ba, kullum ina yi musu addu'a. Abin da ya bar min dai shi nake so in bar muku. Layin da ke allon nan ba huhu kaɗai ke zana shi ba, har da abin da mutum ke tsoro. In kuka ga layi ya kwanta alhali mai shi ya hau bene da ƙafarsa, kada ku ƙara murya. Ku kashe na'ura, ku aika a kawo shayi, ku tambaye shi sana'arsa.