Ƙugiyoyin Kaka a Tafkin Mis Hati

Akwai abin da na ɓoye wa mahaifina har wata uku cur, kuma ga furfura ta cika mini kai ban daina jin kunyarsa ba. Abin ya faro ne wata Asabar a watan Mayu, shekarar da na cika goma sha biyu, muna shekara ta biyu a garin Greensboro, can ƙasar waje. Da hantsi ne, ina tsugune a barandar wata tsohuwa baƙar fata da muke kira Mis Hati, a McLeansville, can bayan gari, ƙafafuna duk taɓo. Ita kuma tana kan kujerarta mai lilo, ta baje wani ƙyalle a cinya, a kansa ga ƙugiyoyin kamun kifi iri uku da tanar roba mai launin makuba, sai santsi take kamar an tsoma ta a man gyaɗa.

Karatun aikin gona ne ya kawo Baba ƙasar nan, ya taho da mu duka, ni da Mama da ƙanwata Talatu. Muna zaune a wani ɗan gidan katako a East Greensboro, kusa da jami'ar. Baba mutumin Yawuri ne, a bakin kogin Kwara ya girma, kuma cikin kayan da ya ƙi bari a gida har da wani gwangwanin madara mai ƙugiyoyi bakwai. Kaka, mahaifin Baba, ne ya ƙera su da hannunsa, don maƙeri ne. Baƙaƙe ne, gajeru, masu kauri, kowace da sawun guduma a jikinta. Baba ya san Mis Hati ne a dalilin tumatirinta da wata cuta ta kama, ya je ya duba mata har ya farfaɗo. Ita kuma ta ce tafkin da ke bayan gonarta namu ne duk ranar da muka ga dama.

Ban taɓa samun ranaku masu daɗin Asabar ɗin nan ba. Tun da sassafe muke cika tsohuwar motar Baba da tabarma da tukunya da kwalbar yaji, sai mu tura ta ni da Talatu kafin ta yarda ta tashi. In mun isa, ba a zuwa ruwa sai an yi aiki. Ni ke kwashe ƙwai daga akurki in ba kaji dusa, Talatu ta bi kunyoyin wake tana cire ciyawa, Mama kuwa ta gano alayyafo na tsirowa da kansa a gefen shinge, tana tsinka tana mamakin mutanen da ke kiran abin miya ciyawa. Bayan nan mu yi tseren zuwa tafki, wanda ya zo ƙarshe shi zai wanke tukunya. Tafkin cike yake da bado da gansakuka da rassan itatuwa da suka nutse, kuma a ƙarƙashinsu ne kifin nan mai faɗin baki da ake kira bas yake laɓewa.

A ranar da nake faɗi, na dawo baranda ne da fushi saboda ciyawa ta cinye mini ƙugiya. Mis Hati ba ta iya gangarawa ruwa saboda ciwon gwiwa, amma ta san tafkin kamar ɗakinta. Ta ɗaga ƙugiya ta farko, siririya, ta ce wannan ta tana mai rai ce da ƙananan kifi. Ta biyu doguwa ce miƙaƙƙiya, ta ce tana aiki, sai dai robar kan zame ta taru a gindinta. Ta uku kuwa wuyanta a lanƙwashe yake kusa da inda ake ɗaura zare, kamar an yi mata 'yar matakala. Ta soka tsinin a kan tanar kamar tsawon farce, ta fito da shi ta gefe, ta ja robar har kanta ya hau matakalar ya zauna daram. Sannan ta juya ƙugiyar ta mayar da tsinin cikin jikin robar, ya ɓuya. Ta goga abin a gashin kanta, bai kama ko sili ɗaya ba. Ta ba ni guda biyu a kwalin ashana da 'yar darma mai tsini ta nutsar da tanar, ta ce, "Je ka nuna wa babanka."

Ban nuna masa ba. Na zaga can ɗaya gefen tafkin, bayan wasu bishiyoyi, na jefa tsakiyar bado inda ko Baba ba ya kusanta. Robar ta ratsa ganye sumul ta nutse. Na ji an ɗan taɓa sau biyu, zaren ya fara tafiya gefe, na fizga da ƙarfi kamar yadda ta ce, sai ga sandar ta lanƙwashe har ina tsoron ta karye. Da na ɗauko kifin nan a ƙirji na nufo su, Baba ya jefar da hularsa sama, ya ce, "Jinin Yawuri ba ya ƙarya." Wannan maganar ce ta kama ni. Na so in sake jin ta, kuma na so ta zama tawa ni kaɗai. Kafin in iso na riga na kwance ƙugiyar na cusa kwalin a safa.

Haka muka yi ta yi har hutun makaranta ya yi nisa. Baba yana sa tanar roba a ƙugiyar Kaka yadda ake sa tana a gida, tsini a waje. Mama takan ce masa gajeru ne, ya sayi na kanti mana, shi kuma ya ce ƙarfen da ya ciro giwan ruwa a Kwara ba zai ji tsoron kududdufi ba. Duk jifa sai ya jawo tulin gansakuka, Mama ta leƙo daga wajen murhu ta ce, "Malam, yau ma miyar ganye ka kamo mana?" Ya yi dariya har da riƙe ciki. Wani lokaci kuma ƙugiyar ta kafe a reshe can ƙasa, ya ja, ya zaga, ya shiga ruwa har ƙugu, a ƙarshe zaren ya tsinke. Ya buɗe gwangwanin, ya daɗe yana kallo, ya ɗauko wata. Ni kuwa ina kawo uku, huɗu, Mama na soyawa da yaji, muna haurowa gaban baranda muna ci da hannu a kan tabarma, Mis Hati na hawaye saboda barkono tana miƙo faranti a ƙara mata. Kowace Asabar nakan ce yau zan faɗa, sai yabo ya sha gabana.

Ƙugiyar Kaka ta bakwai ta tafi a watan Agusta. Baba ya hauro baranda wandonsa na ɗiga, gwangwanin a hannu ba komai ciki, yana ƙoƙarin mayar da abin wasa. Mis Hati ta tambaye shi wace irin ƙugiya yake sawa, ya kwatanta mata. Ta dube ni, ta dube shi, ta ce, "Yaron bai nuna maka ba?"

Baba ya juyo. "Isuhu, tun yaushe?"

"Tun Mayu, Baba."

Na jira mari, bai zo ba. Ya ajiye gwangwanin a kan dakali, ya zauna a ƙasa kusa da ni, ya ce, "To, malam, ga ɗalibinka. Koya mini." Na zaro kwalin daga safa. Koyarwar duka ba ta kai minti biyu ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai har yau. Da yammacin nan ya kama bas ɗinsa na farko, ya zagaya tabarma da shi yana rawa, ya ce wa Mama ta janye maganar miyar ganye a gaban shaidu. Bai taɓa tayar mini da zancen ba. Da sanyi ya shigo wasiƙa ta zo cewa Kaka ya rasu, kuma babu wani abu na hannunsa da ya rage a gidanmu.

Ban yi nisa a karatu ba, aikin tuƙin babbar mota na yi har na ajiye. Yanzu in na shiga kantin kayan fatsa, bango guda ne na ƙugiyoyi: masu faɗin ciki don roba mai ƙiba, masu kauri don cikin rassa, sirara don zare mara nauyi. Gonar Mis Hati ta zama gidaje, Baba da Mama sun riga mu gidan gaskiya. Duk wanda na gani a bakin ruwa yana fama da ciyawa, ko ban san shi ba, sai na matsa na nuna masa. Ina roƙon mai karanta wannan, in ka koyi wani abu da zai amfani na gidanku, ka faɗa masa tun a ranar, kada ka jira kamar yadda na jira.